Haɗin mangwaro da kirim ya tsinke mini, ina kuskuren yake?

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni matar aure ce a Hindawiyya, nan Jidda. Ranar Alhamis da ta wuce dangin maigidana suka zo mana daga Makka, sai na ce bari in yi musu haɗin mangwaro da gishɗa, wato kirim mai kauri na madara, irin wanda muke sha a gidajen biki. Na markaɗa mangwaro huɗu a blenda, na juye gishɗar gwangwani uku da madara mai zaƙi, na kaɗa su gaba ɗaya, na sa a firiza don ya yi saurin kamawa. Da baƙi suka kusa isowa sai na mayar da shi firji. Ko da na ɗauko, ruwa ya kwanta a ƙasa, saman kuma ya yi gudaji, ragowar da ta kwana har da tsami da ɗan ɗaci. Don Allah ina kuskuren yake, kuma yaya zan yi ya tsaya da kyau? Allah Ya saka da alheri."

Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah Ya bar zumunci. Na ji abin da ya faru, kuma na san zafin abin, domin babu matar da take son ta fito da tire a gaban dangin miji ta ga abin da ta sha wahala a kansa ya koma ruwa. Idan na fahimce ki, abubuwa uku kike tambaya a kai: me ya sa haɗin bai kama jikinsa ba, me ya kawo ruwa a ƙasa da gudaji a sama, sannan daga ina tsami da ɗacin washegari suka fito. Na fi shekara 15 ina haɗa kayan zaƙi na biki da walima tsakanin Jidda da Makka, kuma a iya abin da na gani, biyun farko tushensu ɗaya ne, wato ruwa ya yi wa maiƙo yawa a cikin kwanon. Na ukun kuma yawanci maganar zafi ce da daɗewa a waje.

Abin da ke riƙe da haɗin

Wanda kike sha a gidan biki, mai laushi kamar auduga amma yana tsaye a cokali, iska ce ke ba shi wannan jikin. Idan aka buga kirim mai sanyi da maburgi, ƙananan kumfa na shiga cikinsa, maiƙon madarar kuma yana manne wa juna ya kewaye kowane kumfa ya riƙe shi. Wannan ba ya yiwuwa sai maiƙon ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, kuma wanda ya kai 35 ya fi tsayuwa. Sannan dole maiƙon ya kasance a sandare da sanyi. Duk wadda ta taɓa ganin man shanu a rana ta san yadda yake sakin jiki, to haka maiƙon kirim yake yi a kicin mai zafi, da zarar ya yi laushi sai kumfan ya fashe, abin ya zube.

Shi kuwa mangwaro, duk kaurin da kike gani a jikinsa, fiye da kashi 80 cikin 100 na tsokarsa ruwa ne. Muddin yana yanke gutsure-gutsure, ruwan yana tsare a cikin tsokar. Da kin sa shi a blenda kin sako ruwan nan gaba ɗaya. Saboda haka mangwaro huɗu da kika markaɗa tamkar kofi uku ne ko fiye na ruwa mai zaƙi kika juye a kan gishɗa, ba tare da wani abu da zai riƙe shi ba.

Gishɗa daban, kirim na bugawa daban

A nan ne mafi yawan 'yan'uwanmu suke faɗawa, domin a bakinmu duka biyun kirim muke ce musu. Gishɗar gwangwani, irin su Puck da Nestle da muke ci da burodi da zuma da safe, an dafa ta a cikin gwangwaninta don ta daɗe a kan kanta, kuma maiƙonta bai kai wanda ake buƙata don bugawa ba. Wasu ma idan kika karanta jikin gwangwanin za ki ga an rubuta cewa da man tsirrai aka haɗa su. Kaurin da take da shi lokacin da kika buɗe gwangwani ba ya jure kaɗawa. Ki gwada ki ga: ki zuba cokali biyu a kofi ki juya da ƙarfi na minti ɗaya, za ki ga ta saki ta koma kamar kindirmon da aka dama. To blenda ta fi hannunki ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka tun kafin ki kai haɗin firiza gishɗar ta riga ta rasa jikinta.

Wanda ake bugawa shi ne na kwali, wanda Larabawa ke kira kirimat khafg, ana samunsa a firjin manyan shaguna, na Almarai da wasunsa. Ki lura da kyau domin kusa da shi ake jera na girki, kirimat ɗabkh, kwalayen kuma suna kama da juna. Na girki na miya ne da taliya, ko kin kwana kina buga shi ba zai tashi ba. Akwai kuma na gari irin Dream Whip da ake bugawa da madara mai sanyi. Shi man tsirrai ne, yana tashi da sauƙi kuma ya fi jure zafi, shi ya sa masu sana'a da yawa suke son sa. Ni ba na raina shi, amma idan aka yi amfani da shi shi kaɗai yana barin wani santsi a dasashi, kuma zaƙinsa da ƙamshin banila da aka sa masa suna danne mangwaron. Idan na san kayan za su yi tafiya a mota, nakan haɗa ambulan ɗaya na garin da rabin lita na kirim na kwali, in sami ɗanɗanon madara tare da juriya.

Wannan ba ya nufin gishɗar gwangwani ba ta da wuri. Tana da shi, amma a matsayin shimfiɗa: a sanyaya gwangwanin ya kwana a firji, a buɗe a tsiyaye ruwan da ya ware, a juya ta a hankali da cokali, a jera ta hawa-hawa da yankakken mangwaro da biskit ɗin shayi a cikin kofi. Haka aka saba yi a gidaje da yawa, kuma yana da daɗi matuƙar za a sha a ranar.

Wane mangwaro

Ba kowane mangwaro ne ya dace da wannan aiki ba. Mu da muka san na gida mun san bambancin binta suga ko paparanda da ɗan ƙaramin nan mai zare wanda yara ke tsotsa har ya maƙale a haƙori. Mai zare na tsotso ne, idan aka markaɗa shi zaren yana nan, kuma yana lalata laushin haɗin. A nan Saudiyya muna da sa'a domin kakar mangwaro tana da tsawo. Na Jazan yana fara shigowa Halaga, babbar kasuwar kayan marmari ta Jidda, tun wajen watan Afrilu, a daidai lokacin ne kuma ake samun Alfonso na Indiya. Bayansu sai Sindri da Chaunsa na Pakistan, sannan Uwais da Zibda na Masar su ɗauka har wajen Satumba. Na Yaman irin Taimur da Galbus Saur su ma suna cika kasuwa.

A wurina Alfonso da Uwais su ne kan gaba wajen markaɗawa, saboda tsokarsu a dunƙule take, ba zare, ƙamshinsu kuma yana da ƙarfin da kirim ba ya iya binne shi. Chaunsa akwai zaƙi ƙwarai, idan da shi zan yi sai in rage madara mai zaƙi sosai. Zibda ya fi dacewa da lemo, ruwansa da yawa. Wanda zan yanka in ɗora a sama kuwa, ina zaɓar wanda ya nuna amma bai yi luguf ba, don yankan ya fito da kusurwarsa.

Kada launin ɓawo ya ruɗe ki, wasu irin suna nuna alhali suna kore. Ki danna a hankali da babban yatsa, idan ya ɗan lotsa ya nuna, sannan ki shinshina wajen hancinsa, inda aka tsinke shi daga reshe. Idan ƙamshi ya bugo ki, ya yi. Idan kin ji warin tsami kamar na abin da ya fara ruɓa, ya wuce. Wanda bai nuna ba kada ki sa shi a firji, sanyi yana hana shi nuna yadda ya kamata, sai ki ga ɓawon ya yi tabo-tabo cikin kuma ba ɗanɗano. Ki naɗe shi a takarda tare da ayaba ki bar shi a kicin kwana biyu ko uku.

Firizar ma ta yi nata ɓarnar

Na gane dalilinki na sa shi a firiza, baƙi na hanya, lokaci ya ƙure. Amma abin da ya faru a ciki shi ne ruwan mangwaron ya daskare ya zama ƙanƙara, ya ware daga maiƙon da furotin na madarar, ya matse su gefe guda. Da kika mayar da shi firji ƙanƙarar ta narke, ruwan ya gangara ƙasa, abin da aka matse kuma ya rage a sama a matsayin gudajin da kika gani. Ɗan tsamin da ke cikin mangwaro shi ma yana taimakawa wajen tsinka madara, musamman idan bai gama nuna ba, kuma madarar da maiƙonta bai da yawa ta fi saurin tsinkewa. Dole tun farko ki yanke shawara: ko na firji kike yi, a sha da laushinsa, ko na firiza kike yi kamar askirim, a fito da shi minti 10 kafin sha kuma kada a bari ya narke. Tsakanin biyun ne ba ya yiwuwa.

Yadda nake yin nawa

Wannan ma'aunin yana cika ƙananan kofuna 10 zuwa 12. Ina sayen mangwaro kilo ɗaya, wanda bayan an fere an cire ƙwallo yakan bar tsoka wajen giram 600 ko ɗan fiye. Sai kirim na bugawa rabin lita, madara mai zaƙi ta gwangwani kamar giram 130, wato sulusin babban gwangwani, da jalatin na gari giram 10 (shi ne ke sa haɗin ya kama jikinsa), da rabin lemon tsami. Tun daren jiya nake sa kwalin kirim a can cikin firji, ban da jikin ƙofa inda sanyi bai da ƙarfi. Kwanon da zan buga a ciki da kan maburgin lantarki kuma suna shiga firiza minti 15 kafin in fara.

Ina ware giram 200 na tsokar in yanka ƙanana in ajiye a rariya. Sauran giram 400 nake markaɗawa, ba na ƙara ko ɗigon ruwa ko madara, sannan in tace. Daga nan sai matakin da mutane ke tsallakewa, wanda a ganina shi ne rabin aikin: ina zuba markaɗen a tukunya mai faɗi a kan wuta kaɗan, ina juyawa, har ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yakan ɗauki minti 10 zuwa 12. Alamar da nake dubawa ita ce in ja cokalin katako a ƙasan tukunyar, idan hanyar da ya bari ta ɗan tsaya ana ganin ƙarfen kafin markaɗen ya rufe ta, to ya isa. Launinsa yakan ƙara duhu kamar gwaiduwar ƙwan kazar gida, ƙamshin kuma ya cika kicin. Kada ki ƙara wuta don sauri, domin sukarinsa yana kamawa a ƙasa ya ba da ɗanɗanon ƙauri.

Kafin in ɗora tukunyar na riga na barbaɗa jalatin a kan ruwan sanyi cokali huɗu na bar shi ya jiƙa ya kumbura. Da na sauke markaɗen, ya ɗan huce amma da sauran zafinsa, sai in zuba jalatin in juya har ya narke sarai, in ƙara madara mai zaƙi da ruwan lemon tsami cokalin shayi ɗaya. Ba a tafasa jalatin, tafasa tana rage masa ƙarfi. Sai in bar haɗin ya huce har in ɗiga a bayan hannuna in ji ba zafi ba sanyi. Wannan gaɓar tana son haƙuri. Idan da zafi kika haɗa shi da kirim zai narkar da maiƙon, idan kuma kin bari ya yi sanyi ƙwarai jalatin zai fara kamawa ya yi zare-zare a ciki.

Sannan in buga kirim. Ina farawa a hankali in ƙara gudu, kuma ba na matsawa daga wurin. Da farko za ki ga manyan kumfa, sai su ɓace, sai maburgin ya fara barin sawu a bayansa. Idan kika ɗaga maburgin kika ga kirim ɗin ya miƙe da ɗan tsini wanda kansa ya lanƙwasa kamar bakin tsuntsu, ki tsaya nan. Idan kika zarce zai fara yin tsakuwa-tsakuwa ya koma rawaya, daga nan sai mai ya ware da ruwa, daidai yadda matan Fulani ke kaɗa nono su fitar da man shanu. Idan kin ga ya fara haka da wuri, ki zuba ɗanyen kirim cokali biyu ko uku ki juya da hannu, sau da yawa yana dawowa.

Haɗawar da hannu ake yi, ba da blenda ko maburgi ba. Ki ɗebi sulusin kirim ki juya cikin mangwaron don ya sassauta, sannan ki juye wannan a kan sauran kirim ɗin, kina ɗebowa daga ƙasa kina kifawa a sama da faffaɗan cokali, kina juya kwanon, har farin ya ɓace. Ki zuba a kofuna ki rufe, a firji awa 4 aƙalla, kwana ya fi. Yankakken mangwaron sai za a kai wa baƙi ake ɗora shi, domin idan ya kwana a sama yana tsatso ruwa ya yi kududdufi. Idan a tire kike so ki yi ki yanka kamar kek, ki kai jalatin giram 15. Wajen ƙamshi ni ɗan garin hel kaɗan nake sawa, wato kadamon da ake sa wa gahawa, ko silin za'afaran da aka jiƙa a madara mai ɗumi. Ruwan wardin Ɗa'if yana da kyau amma ɗigo biyu ya isa, in ya wuce haka ba za a ji mangwaron ba.

Idan ba kya son jalatin

Wasu suna ƙyamar jalatin saboda shakkar asalinsa, kuma shakkar tana da tushe domin daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, a wasu ƙasashen har da na alade. Ki duba kwalin, na shanu ko na kifi mai shaidar halal shi ake nema. Idan duk da haka hankalinki bai kwanta ba, akwai hanyoyi biyu da na gwada. Ta farko ita ce nisha, wato garin kwanfulawa da ake yin muhallabiyya da shi: ki dama cokali ɗaya da rabi a ɗan ruwa, ki zuba a markaɗen yana kan wuta, ki bari ya tafasa minti ɗaya ko biyu, sannan ya huce gaba ɗaya kafin ya haɗu da kirim. Ba ya tsayawa kamar na jalatin, amma a kofi ya wadatar. Sai dai kada cokalin da kika ɗanɗana da shi ya koma ciki, domin yawu yana tsinka duk abin da aka kama da nisha, kamar yadda yake tsinka kunu. Ta biyu ita ce cuku mai laushi irin Kiri, guda shida ko takwas, a murje shi da madara mai zaƙi har ya yi sumul kafin a haɗa da mangwaro. Wannan ya fi nauyi a ciki, amma yana tsayawa sosai kuma yara suna son sa. Akwai agar-agar da ake samu daga ciyawar teku, shi sai an tafasa yake aiki kuma yana kamawa tun kafin ya gama hucewa. Sau biyu kawai na taɓa aiki da shi kuma ban ji daɗin jikin da ya ba ni ba, don haka ba zan ba ki ma'auninsa ba.

Tsami da ɗacin washegari

Ba ki faɗa mini tsawon lokacin da kwanon ya yi a gaban baƙi ba, amma mun san yadda zaman dangi yake, a kawo abu bayan Isha'i a bar shi a tsakiyar falo ana hira har sha biyun dare, kowa na sa cokali. Madara da ruwan 'ya'yan itace da sukari idan suka sami ɗumi, nan da nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a ciki. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar abinci suke bayarwa ita ce kada irin wannan ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa 1. Firji kuma ya kasance a digiri 5 ko ƙasa. Na koyi wannan da tsada a wata walima da aka yi a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taro, a bayan gari cikin watan Yuli. Na kai kofuna 120 da la'asar, aka nuna mini firjin wurin na jera, ban sa hannu na ji sanyinsa ba. Ashe fitilarsa kawai ke ci. Bayan Isha'i na buɗe na tarar duk sun zauna, ruwa rawaya ya taru a ƙasan kowane kofi. Ban bari an kai wa kowa ba, na zubar, na mayar wa uwar amarya kuɗinta ina ba ta haƙuri. Tun daga ranar ba na fita da kaya sai da kula cike da ƙanƙara, kuma shi ya sa na fi son ƙananan kofuna a kan babban kwano, domin ana fito da iya waɗanda za a sha, sauran suna cikin sanyi.

Ɗacin kuwa yana iya fitowa daga wurare biyu ko uku. Ƙaron da ke fita daga hancin mangwaro da ɓawonsa yana da ɗaci, har yakan sa wa wasu ƙaiƙayi a leɓe, saboda haka ki wanke mangwaron kafin fira, ki fere da ɗan zurfi, ki datse wajen hancin ki yar. Tsokar da ke manne da ƙwallo ita ce ke fara lalacewa a mangwaron da ya nuna ya wuce, idan kin ga ta yi ruwa-ruwa ko ta canza launi kada ki kankare ta ki haɗa. Sannan idan kin ƙara abarba ko kiwi ko gwanda ɗanye, ko da don ado ne, to su ne masu laifin, domin suna da sinadarin da ke narkar da furotin na madara ya mayar da ita mai ɗaci cikin 'yan awoyi, kuma shi ne yake hana jalatin kamawa. Abarbar gwangwani ba ta yin haka saboda an dafa ta. Tunda ban ga mangwaron da gwangwanin da kika yi aiki da su ba, ba zan iya cewa ga takamaiman wanda ya jawo naki ɗacin ba, amma duk wanda ya kwana ya canza ɗanɗano a zubar da shi, kada a ba yara.

Wanda ya tsinke a ranar da aka yi shi, bai daɗe a waje ba kuma ɗanɗanonsa lafiya lau, ba asara ba ne. Ki mayar da shi blenda da madara mai sanyi da ƙanƙara ki zuba a kofunan gilashi a sha a matsayin lemo. Kafin dangin su sake zuwa, ki gwada rabin ma'aunin da na ba ki ranar da babu baƙo, ki yi shi da daddare ki duba da safe. Idan ya sake tsinkewa, ki rubuto mini abin da ke jikin kwalin kirim ɗin, musamman adadin maiƙon, da irin mangwaron da kika saya. Ki gaida mutanen gida.